Hakiya, Alade da Dashen Ido: Tarihin da Ya Shafi Kudancin Kano

A shekarar 1838, a birnin New York na Amurka, wani likita mai suna Richard Kissam ya yanko ɗan yanki daga idon ɗan alade mai wata shida, ya ɗinke shi a idon wani saurayi da hakiya ta makantar. Babu allurar barci a wancan zamani, kuma ɗinki biyu kawai ya yi. Saurayin ya ɗan ga haske da farko, amma kafin mako biyu yankin ya yi fari fat, kafin wata ya cika kuma ya narke. Abin da Kissam ya so ya musanya shi ne koniya, wato fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido, wadda faɗinta bai kai na farcen babban yatsa ba, kaurinta kuma kusan rabin milimita. Idan ta yi tabo ta zama hakiya, mutum ya daina gani ko da sauran idon lafiya lau yake. Tun daga ranar alade bai rabu da tarihin dashen ido ba, sai dai matsayinsa ya canza: da farko mai ba da ido ne, daga baya ya koma dabbar da ake nazarin yadda jiki ke ƙin dashe a kanta. Abin da wannan dogon bincike ya gano shi ne cewa makomar dashe tana hannun idon da aka dasa wa fiye da hannun likita. Irin idon da ya fi ƙin dashe kuwa ana samun sa a ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Kissam ya samu ƙarfin gwiwa ne daga rahoton Samuel Bigger, wani likita ɗan Ailan da Larabawan daji suka tsare a hamada a 1835. Yana tsare ya cire koniya daga idon wata barewa da ta ji rauni ya dasa wa wata barewar gida mai tabo a ido, dashen kuma ya kama. Likitocin ƙarnin ba su lura da muhimmin abin da ke cikin labarin ba, wato barewa aka dasa wa barewa. Suka shafe shekaru suna ɗinka idon zomo da na tunkiya da na kare a idon mutum, kusan duka suna komawa fari. Arthur von Hippel na Jamus ya samu 'yar nasara a 1886 da ya sa wa wata yarinya saman koniyar zomo, ya kuma bar wa masu zuwa wata wuƙa mai zagaye da ke yanka daidai. Nasarar gaske sai ranar 7 ga Disamba 1905, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek ta yau. Eduard Zirm ya karɓi wani leburan gona, Alois Glogar, wanda sinadarin farar ƙasa ya ƙone wa ido biyu, a daidai lokacin da aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 da ƙarfe ya lalata wa ido har sai an cire. Zirm ya yanki koniyar yaron gida biyu ya dasa wa Glogar. Ɗaya ta lalace, ɗaya ta zauna garau, mutumin ya koma aikinsa. Wannan ne dashen koniya na farko daga mutum zuwa mutum da ya ɗore.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Vladimir Filatov na Odessa ya nuna a shekarun 1930 cewa koniyar mamaci tana aiki, aka kuma buɗe bankin ido na farko a New York a 1944. Da dashe ya yawaita, sai wata matsala ta fito fili. Koniya takan kama, ta yi makonni ko watanni tana sheƙi, rana ɗaya ido ya yi ja, ta fara hazo. Likitocin Faransa sun bayyana wannan a 1948. A shekarar ce kuma Peter Medawar na Ingila ya nuna cewa naman da aka saka a cikin gaban ido yakan tsira daga garkuwar jiki, muddin jijiyoyin jini ba su shige shi ba. A 1951 Edward Maumenee ya tabbatar a kan zomaye cewa hazon nan aikin garkuwar jiki ne. A 1969 Ali Khodadoust, ɗan Iran, tare da Arthur Silverstein, suka bi abin daki-daki, har suka ga fararen ƙwayoyin jini sun yi layi a cikin koniya suna matsawa gaba, suna kashe ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayanta. Likitocin ido suna kiran wannan layi da sunan Khodadoust har yau. Ƙwayoyin bayan koniya su ne ke tsotse ruwa daga cikinta don ta zauna garai, kuma a jikin ɗan Adam idan suka mutu ba sa sake haihuwa. Abin lura a nan shi ne lafiyayyar koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa garkuwar jiki ba ta cika sanin an kawo baƙo ba. Idan kuwa gyambo ya daɗe a ido, jijiyoyi sukan tsiro daga gefen farin ido su kutsa ciki, su zama hanyar da labari ke fita, mayaƙa kuma su shigo.

Tambayar da ta rage ita ce wace dabba ce za ta nuna wannan yadda yake a jikin mutum. Zomo yana da sauƙin samu, amma ƙwayoyin bayan koniyarsa suna sake tsirowa, don haka yakan warke daga ɓarnar da mutum ba ya warkewa. An koma kan ɓeraye daga tsakiyar shekarun 1980, aka koyi abubuwa da yawa game da garkuwar jiki, sai dai idon ɓera ƙanƙane ne ƙwarai, kuma yakan ƙi dashen da idon mutum zai karɓa. Idon alade kuwa ya kusa na mutum a girma, ana yi masa aiki da wuƙa da zare irin na asibiti, ana duba shi da na'urar da ake duba majiyyaci, ko da yake koniyarsa ta fi tamu kauri. Tun shekarun 1970 David Sachs a Amurka ya fara kiwon wasu ƙananan aladu da aka san irin namansu, ta yadda mai bincike zai san iyakar bambancin mai bayarwa da mai karɓa. A 2007 masu bincike a ƙasar Cek suka wallafa gwajin dashen koniya tsakanin ƙananan aladu. Dashen da aka yi a lafiyayyen ido ya daɗe garau, wanda aka yi a idon da jijiyoyin jini suka riga suka shiga kuwa jiki ya ƙi shi cikin ɗan lokaci. Hanyar da masu bincike suka saba bi don samar da irin wannan ido ita ce su bar zare a koniya na wasu makonni, ya yi ta sukar ta har jijiyoyi su biyo, sannan a yi dashen. A 2012 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka ƙara wani abu: ko a koniyar da ake ganin ta kama lafiya, sun tarar da fararen ƙwayoyin jini sun shiga ciki. Ma'ana, ido na iya zama garau a waje alhali garkuwar jiki ta riga ta gane baƙon. Manomin shinkafa ya san haka a fadamarsa: iri ɗaya ne, amma wanda aka dasa a ƙasa mai kanwa ba zai yi ba. Alƙaluman asibitoci sun yi daidai da abin da aka gani a alade. A ido marar jijiya, kusan tara cikin goma na dashe suna kamawa. A idon da jijiyoyi suka mamaye ta kowane gefe, fiye da rabi kan lalace cikin 'yan shekaru.

Yanzu a dubi hakiyar da ke kudancin Kano, a ga ta ina ta zo. Ta manya da yawa daga ƙyanda ce. A 1979 John Sandford-Smith da Hilton Whittle, waɗanda suka yi aiki a asibitocin Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa binciken gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda a yaran Arewa, musamman masu fama da tamowa. Yaro yakan rufe ido kwana da kwanaki yana zazzaɓi, ranar da ya buɗe a tarar baƙin ido ya koma fari. Akwai amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya yi ta kartar koniya shekara da shekaru. Akwai makantar rafi, wadda ta sa aka yi ta rabon maganin Mectizan a yankunan rafuka bayan kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta a 1987. Waɗannan uku sun ragu sosai saboda rigakafi da rabon magani, amma ta huɗu tana nan daram, ita ce ta gona. Yankin nan na noma ne: shinkafa a Tudun Wada, masara da rake a Doguwa da Kiru, noman rani a ƙasan madatsar Tiga da aka kammala a Bebeji a 1974. A lokacin girbi ganyen dawa ko ƙaiƙayin shinkafa yakan shafi ido. Manomi ya murza da bayan hannu ya ci gaba da aiki. Washegari ido ya yi ja yana hawaye, sai a ɗiga nono ko ruwan ganye, ko a je kemis a sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda ke kwantar da jan ido amma ya buɗe wa naman gwari hanya. Kwana biyar ko shida, farin ɗigo ya fito a tsakiyar baƙin ido. Kafin a yi shawara, a nemo kuɗin mota, a ratsa dajin Falgore ko a fito Kwanar Dangora a kama hanyar Kano, gyambo ya yi zurfi, jijiyoyi sun shiga. Abin da masu bincike ke haddasawa da gangan da zare a idon alade, shi ne jinkiri ke haddasawa a idon manomi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma kusan kashi 8 cikin ɗari na wannan makanta daga tabon koniya ne.

Kano ba baƙuwar aikin ido ba ce. Asibitin ido na mishan da ke Sabon Gari, wanda yanzu yake hannun ECWA, an buɗe shi a 1943 a ƙarƙashin Dakta Douglas Hursh, shekara guda kafin bankin ido na New York, kuma mutane sun yi ta zuwa gare shi daga Nijar da Chadi. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar da ta halatta dashen koniya a 1973. An kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da dokar 1979. Akwai bankin ido a Legas. Duk da haka yawancin koniyar da ake dasawa a Najeriya daga waje ake kawo ta, da kuɗin da ƙaramin manomi ba ya iya biya. Ƙarancin ma na duniya ne: wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya nuna mutum miliyan 12.7 ke jiran dashe, kuma koniya ɗaya ce ake samu a madadin 70 da ake bukata.

Abu na farko da mai karatu Musulmi zai ce shi ne alade najasa ne, me ya haɗa mu da shi. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da raini. Amma a bambanta abu biyu. Nazarin ƙin dashe a kan alade ba ya sa komai na alade a jikin kowa. Ilimi ne ake samowa, kuma maganin ɗigawar da za a gyara da shi zai shiga idon da aka dasa wa koniyar mutum. Haramcin da kowa ya sani na ci ne. Abu na biyu, wato saka wani abu na alade a ido, shi ne wurin da malamai ke da magana, kuma sun yi ta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1985 cewa ana iya dasa sashen dabbar da ake ci idan an yanka ta, ana kuma iya dasa na wadda ba a ci idan larura ta kai. Wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya duba abin da aka sarrafa har ya sauya daga asalinsa, kamar jelatin, ya ce ya halatta, ko da yake akwai malaman da ba su yarda an kai matakin sauyawar ba. Ɗaya daga cikin jagororin dashen zuciyar alade a jikin mutum a Maryland a Janairun 2022, Dakta Muhammad Mohiuddin, Musulmi ne ɗan asalin Pakistan. Wannan bai zama hujjar shari'a ba, amma ya nuna cewa Musulmin da suka san aikin ba su guje shi ba. Akwai kuma haƙƙin dabbar kanta, domin ƙyamar namanta ba ta halatta azabtar da ita ba. Shi ya sa dokokin bincike suka wajabta allurar barci da maganin zafi da rage yawan dabbobin da ake amfani da su.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen, ya ce to ai matsala ta ƙare, a jira koniyar alade ta iso. Gaskiya ne an ci gaba. Ƙasar Sin ta amince a 2015 da koniyar alade da aka wanke ta daga ƙwayoyinta, ana amfani da ita wajen toshe gyambon da bai ratsa koniya duka ba. A 2022 masu bincike na Jami'ar Linköping ta Suwidin suka ba da rahoton wata koniya da aka ƙera daga sinadarin fatar alade, wadda ake iya ajiye ta har shekara biyu. An saka wa mutum 20 a Indiya da Iran, 14 daga cikinsu makafi ne kafin aikin, kuma bayan shekara biyu babu makaho a cikinsu. Labari ne mai daɗi, amma a karanta shi da kyau. Dukkan mutanen nan cutar da ke sa koniya ta yi siriri ta yi tsini ce ke damunsu, idonsu ba shi da tabo mai jijiya, kuma ƙwayoyin bayan koniyarsu lafiya suke. Wato su ne masu sauƙin. Dasa cikakkiyar koniyar alade mai rai, wadda mai hakiya mai zurfi zai bukata, har yanzu yawancin gwajinta a kan birai ake yi, musamman a Koriya ta Kudu, kuma da magunguna masu ƙarfi na danne garkuwar jiki. Wanda ya ce wa mutumin Doguwa ya jira wannan ya yaudare shi.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk wannan magana ita ce ta fifiko. Binciken ƙasa ya nuna yanar ido ce ke kawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, aikinta kuma na mintuna ne, mai arha, ba ya bukatar mamaci ko banki. Kuɗin dashen koniya ɗaya zai buɗe idon tsofaffi da dama. Na yarda da wannan, kuma duk gwamnatin da ta bar yanar ido ta kama dashen koniya ta yi kuskure. Sai dai hakiya takan kama yaro ko magidanci mai ƙarfi, wanda zai yi shekara talatin ko arba'in a duhu tare da ɗan jagora da aka hana makaranta. Bayan haka, darasin da aka samo daga alade ba ya cewa a gina babban ɗakin tiyata a kowane gari. Cewa yake a hana jijiya shiga ido tun farko, kuma wannan shi ne mafi arha a duk harkar: rigakafin ƙyanda, ƙwayar bitamin A ga yara, tabarau a lokacin girbi da sussuka, da ma'aikacin lafiya a asibitin ƙauye wanda ke da ɗan fenti mai nuna karce a ido da man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma san ranar da zai ce a tafi Kano yau. Karcen da aka kama a kwana na farko ko na biyu yawanci yakan warke ba tabo. Ko wanda ya bar ɗan tabo, idan babu jijiya a cikinsa, mai shi yana cikin waɗanda dashe ke yi wa aiki.

Ga waɗanda hakiya ta riga ta kama, babu makawa sai koniyar mutum, kuma nan ne aikin ya koma kanmu. Muna gaggawar sutura, abin da ya dace da addini, kuma bai saɓa wa aikin ba, domin a cikin sa'o'in farko ake cire koniya, cikin 'yan mintuna, ba tare da an taɓa kamannin mamaci ba. Muftin Masar ya halatta wannan tun 1959, majalisar manyan malaman Saudiyya ta bi a 1978, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda kuma ta yanke a 1988 cewa ya halatta idan mamacin ya yi wasiyya ko magadansa sun yarda, ba tare da ciniki ba. Iran tana biyan bukatarta da koniyar 'yan ƙasarta. Sri Lanka, inda Dakta Hudson Silva ya fara wannan kira, tana aika wa wasu ƙasashe tun 1964. Habasha ta buɗe bankinta a Addis Ababa a 2003. Abin da ya fi wuya a Kano shi ne amana. Mutanen da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a 1996, suka kuma ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba za su miƙa idon mahaifinsu don an liƙa sanarwa a bangon asibiti ba. Sai sun ji daga limaminsu da hakiminsu, sun ga rajistar da ke nuna inda kowace koniya ta tafi, sun kuma ga maƙwabcinsu ya dawo yana gani.

Kuma ko an dasa, aiki bai ƙare a ɗakin tiyata ba, domin binciken Bristol ya nuna cewa idon da ke sheƙi ma yana ƙarƙashin tsaro. Alamun ƙin dashe huɗu ne da kowa zai iya riƙewa: jan ido, ƙin haske, raguwar gani, da zafi. Idan aka fara ɗiga magani akai-akai cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ana ceto koniyar; idan aka yi mako, ƙwayoyin bayanta sun mutu, dashe na biyu kuma ya fi na farko saurin lalacewa. Mutumin da ke Doguwa ba zai iya isa Kano a duk ranar da idonsa ya yi ja ba. Saboda haka kira na ga ma'aikatar lafiya ta jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: kafin a yi maganar bankin ido, a sa ƙwararren nas ɗin ido da na'urar dubawa a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a tanadi maganin gyambon ido a asibitocin ƙauye kafin girbi, a kuma hana sayar da maganin ɗigawa mai sitiroyid ba tare da takardar likita ba.